Fada a Salsalar Gidanmu

Fada Luka ya zo Anka ne don ya mayar da mu Kiristoci. Ya shekara talatin da wani abu a kan wannan aiki, kuma in gaskiya za a faɗa, ko akuyar garin nan bai samu ba. Cocinsa ɗan ɗaki ne mai rufin kwano a bayan tasha, masu zuwa kuwa 'yan kudu ne masu sayar da kayan babur, sai ma'aikatan da aka turo, waɗanda dama da addininsu suka iso. Mutanen gari suna gaishe shi, suna karɓar maganin ido a hannunsa, suna yi masa addu'ar shiriya. Shi ma yana yi musu, aka yi ta tafiya babu wanda ya ka da wani.

Ni ce Habsu, babbar 'yar Malam Gidaɗo, kuma na san Fada tun ina yarinyar da ake aika da kwanon fura zaure. Bature ne dogo daga ƙasar Holan, mai kunnuwan da ke yin ja in ya ji kunya ko ya ji daɗi. Kafin ya zo mana sai da ya zauna Masar ya sha Larabci ya ƙoshi. Yadda wasu tsofaffi ba sa iya wuni babu goro, haka shi ba ya iya wuni bai karanta waƙar Larabawa ba. Ina zaton waɗanda suka turo shi sun ɗauka makami suka ba shi, ba su san tarkon da zai kama shi suka rataya masa ba.

A gidanmu akwai wani kundi na waƙoƙin Larabci da malaman Zamfara na dā suka yi, kakanninmu suka tattara. Takardar ba wani abu ba ce, duk mai ido da ɗan Larabci zai iya bin baƙin. Abin da ake gādo shi ne karatun: karin da ake rera kowace waƙa da shi, inda ake numfasawa, ma'anar da ke ƙarƙashin magana, da wanda aka yi wa waƙar da abin da ya jawo ta. Wannan baki da baki ake karɓarsa. Wanda ya kai ƙarshe kuwa, ranar saukarsa zai miƙe gaban jama'a ya jero salsala, ya ce ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga masu waƙoƙin. In babu wannan, ko ka haddace kundin daga bango zuwa bango, a wurinmu aku ne kai.

Da Fada ya ji labarin kundin sai ya zo ƙofar zauren Malam, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ya ce yana son a karantar da shi. Ɗalibai suka gyara zama suna jiran su ga yadda ake korar Bature. Malam ya miƙa masa takarda ya ce ya karanta baiti ɗaya. Da ya karanta, Malam ya ce Larabcin ya nuna amma babu gishiri, ya nuna masa wuri kusa da bango ya ce ya zauna. Ga masu gunaguni kuwa, abin da ya ce kawai shi ne bai ga inda aka hana ilimi ga wanda ya tuɓe takalminsa ya roƙa ba.

Nan gari ya rabu biyu. Wasu suka ce dabara ce Malam yake yi, a hankali zai jawo Baturen ya musulunta. Wasu suka ce ai Baturen ne mai dabara, ku dai ku zuba ido, wata rana za a ga Malam da gicciye a wuya. Kowane ɓangare ya zauna jira har gemunsa ya yi fari. Iyakar abin da na ga ya sauya hannu shi ne Malam ya koyi shan shayi babu sukari, Fada kuma ya koyi cin goro da Hausar tsofaffin Anka, har in yana magana a bayan katanga sai ka rantse wani dattijon bakin kasuwa ne.

Sai zinare ya ɓullo. Cikin ɗan lokaci zauren da ake rasa wurin ajiye gwiwa ya koma wurin shan iskar kaji. Ɗalibai suka ɗunguma Sunke da ƙauyukan kewaye, kowa da diga a kafaɗa, kuma a sahun gaba akwai ƙanena Saminu, ɗa namiji tilo da Malam ya haifa. Ya gaya wa mahaifinmu ƙiri-ƙiri cewa bai taɓa ganin waƙar da ta sayi babur ba. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma akwai gaskiyar da ɗan halak ba ya gaya wa ubansa. Ko da gubar dalma ta fara kashe yara a ƙauyukan nan, likitocin waje suka cika garin, Fada yakan yi musu tafinta da safe, da la'asar kuma ya zo ya zauna gaban Malam shi kaɗai. Malam ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Shekara guda kafin Malam ya rasu Fada ya sauke kundin. Ba a yi taro ba, don babu wanda za a gayyata ya zo bai tafi da tsegumi ba. Daga Malam sai ƙanensa Bappa Makau, wanda aron jaki ya kawo shi aka tsare shi ya zama shaida, sai ni a bayan ƙofa. Fada ya miƙe ya jero salsala tun daga Malam Gidaɗo har sama. Malam ya kama hannunsa ya ɗora masa amana biyu: kada ya bari karatun ya mutu a hannunsa, kada kuma ya miƙa shi da yankakkiyar salsala. Ran nan na ga tsoho Bature yana share hawaye da hannun riga, ni ma na yi nawa.

Bayan rasuwar Malam da 'yan shekaru Saminu ya dawo gida. 'Yan bindiga sun tare shi a hanyar ramin haƙa sun karɓe babur ɗin da waƙa ba ta saya ba, ya dawo da tari da sabon gemu. Ya dubi gemun nan a madubi ya ga ya dace da buzun Malam. Mutanen unguwa su ma, waɗanda suka bar tsoho yana karantar da bango, sai ga shi sun tuna kundin nan abin alfaharin Anka ne, bai kamata a bar zauren a rufe ba. Bappa Makau ya ce ya ji, amma buzu na mai salsala ne, haka aka gada. Da aka tambaye shi ko wa ke da ita yanzu, sai mantuwa ta kama shi, irin mantuwar da ke kama mutum daidai inda ya fi tunawa.

Saminu ya ari babur ya shiga neman tsofaffin ɗaliban Malam. Ya je Gummi ya sami ɗaya yana sayar da cajar waya, ya ce shi waƙar farko kawai yake tunawa, ita ma rabinta. Aka kwatanta masa wani Malam Yalwa a Zugu ta ƙasar Bukkuyum, wanda aka ce ya kai tsakiyar kundin. Ya tarar an kai wa garin hari, gidan a buɗe babu kowa, maƙwabta ba su san inda ya nufa da iyalinsa ba. Ya dawo ya zube a tsakar gidana yana cewa ilimi ya ƙare a ƙasar nan. Na ce masa ilimi yana nan bayan tasha yana cin goro, kuma ya san hanya.

A daidai lokacin ne manyan Fada suka aiko masa cewa ya tattara ya koma gida. Ya tsufa, ga satar mutane ta yi yawa, Bature a hanyoyin nan ya zama tsokar da kowa ke haɗiyar yawu a kanta. Ya roƙi a bar shi ya ga ƙarshen damina, suka yarda da ƙyar. Wato in Saminu bai karɓi karatun nan kafin kaka ba, kundin gidanmu zai hau jirgi ya tafi Holan a cikin kan tsoho, a binne su tare.

Sai Saminu ya kamu da ciwon ido. Kullum da hantsi zai bi ta bayan tasha, wai zai karɓo magani wurin Fada, ba zai fito ba sai an kusa kiran azahar. Duk garin an san abin da ake ciki, amma da yake mu mutane ne masu kara, sai a tare shi a yi masa sannu, a tambayi idon da fuskar jimami. Shi kuma ya ɗan lumshe su ya ce da sauƙi. Ban taɓa ganin ciwon idon da ya cinye damina guda ba, mai shi kuma yana zare ƙaya a ƙafa babu tabarau.

Fada kuwa ya koma kamar yaro. Shekara talatin yana jiran ranar da ɗan garin nan zai ƙwanƙwasa ƙofarsa da ƙafarsa ya ce koya mini, ga ta ta zo, abin da aka zo nema kuma waƙoƙin kakannin mai neman ne. Bai damu ba. Ya zazzage wa Saminu duk abin da Malam ya zuba masa, bai rage ko ƙwaya ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Saminu ya iya. Allah ya ba shi muryar Malam da kaifin kansa, ya je ya binne su a rami shekara da shekaru. Wata rana na ji yana bita a ɗaki, sai da na ajiye muciya na zauna, don na ɗauka mahaifinmu ne ya dawo.

Da aka kusa sauka sai Bappa Makau ya warke daga mantuwa. Ya aika a kira Fada zauren Malam, Saminu na gefe ya sunkuyar da kai. Na kai musu ruwa na ƙi fita. Bappa ya yi doguwar shimfiɗa, ya yabi Fada, ya yabi maganin idonsa, ya yabi har ƙasar Holan da bai san ko gabas take ko yamma ba, sannan ya zo kan magana.

"Hwada, kai namu na, kowa ya sani," in ji Bappa. "Amma salsalag ga, tun daga hwarkonta har ƙarshe babu sunan wanda bai salla. In yaron ga yat tashi gaban jama'a yac ce ga Hwada ya amsa, wa za ya aiko ɗiyanai zauren ga?"

"To mi kuka so in yi, Bappa?"

"Abu biyu na, ka zaɓi guda. Ko ka yi kalmar shahada, mu raɗa ma suna, mu sa ka ciki da girmanka. Ko ko yaro shi ce ga ubanai ya amsa, a wuce wurin."

Kunnuwan nan na Fada suka yi ja. Ya tambayi Bappa ko shi da kansa zai yarda da shahadar da aka yi don neman suna. Bappa ya ce zuciya ta Allah ce, shi baki kawai yake nema. Fada ya ɗan yi dariya, ya ce Malam ya zauna da shi shekara talatin bai taɓa yi masa irin wannan ciniki ba. Ya dubi Saminu ko zai ce wani abu. Saminu ya ga wani abu mai muhimmanci a jikin tabarma, ya ci gaba da kallonsa. Fada ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, ya sa takalminsa ya tafi.

Washegari na yafa mayafi na same shi a gida yana ɗaure littattafai a kwali. Na je ne da faɗa a bakina. Na ce masa kada ya yarda, ya bar su da buzunsu su tafasa su sha. Mutanen da suke son tuwo amma ba sa son a ambaci wadda ta tuƙa, yunwa ce maganinsu. Ya bar ni na gama, ya share mini kujera ya ce in zauna.

"Habsu, in na koma gida za su tambaye ni mi niy yi Anka," in ji shi. "Ban yi ma kowa baftisma ba, ban gina komi ba. Abu guda nika cewa ina da shi. Nic ce ko bayan na mutu, in wani yat tashi zauren Malam yana jero mutanen ga, za ya biyo ta kaina kahin shi kai ga Malam. Shi ɗai na."

"To ka riƙe abinka, Hwada."

"Malam ya ba ni amana biyu, ga shi sun ƙi zama wuri guda. In na riƙe sunana, karatu ya mutu. In na sake shi, na yanke salsala da hannuna. Dut wadda nid ɗauka sai na ji kunyar Malam."

Na ce to ya ji kunyar a kan gaskiya mana. Ya ce waƙoƙin ba su yi wa kowa laifi ba, bai ga dalilin da za a hukunta su da laifin Bappa ba. Daga nan na san ya riga ya yanke shawara, kuma na ji haushinsa kamar in mare shi, tsoho da shi. Na fito ban yi masa sallama ba.

Ranar sauka aka kafa rumfa, aka yi hayar kujeru da lasifika. Baƙi suka zo daga Gummi da Bukkuyum, har da mai cajar waya ya sha rawani. Waɗanda ba su taɓa leƙa Malam yana jinya ba su ne a sahun gaba suna ba da labarin kusancinsu da shi. Fada ya zo da farar rigarsa mafi kyau, an goge ta. Bappa ya tare shi da fara'a, ya ce don gudun surutu ya ɗan zauna daga waje, aka ajiye masa benci inda ake jera babura, jikin zanar da ta raba mu mata da maza. Ina daga ciki, tsakanina da shi bai fi a miƙa hannu ba.

Wani baƙo daga Gummi ya ga Bature zaune shi kaɗai, tausayi ya kama shi. Ya matso yana yi masa magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa kurma. Ya bayyana masa cewa abin da za a karanta Larabci ne, harshe mai wuyar gaske, ba kowa Allah ke ba shi ba, amma ya saurara ko albarkar ta taɓa shi. Fada ya yi masa godiya ya ce zai yi ƙoƙari.

Saminu ya karanta waƙar ƙarshe, kuma wallahi ya karanta. Wurin ya yi tsit, tsofaffi suna kaɗa kai. Ta ramin zana ina ganin leɓen Fada yana motsi tare da shi, in Saminu ya numfasa shi ma ya numfasa. Sannan ƙanena ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce ya karɓi wannan karatu daga bakin mahaifinsa Malam Gidaɗo, shi kuma daga nasa malamin, ya yi ta jerowa har sama. Ko tuntuɓe harshensa bai yi ba. Jama'a suka yi ta mamakin yadda Malam ya karantar da ɗansa a ɓoye, yaro yana ramin zinare uba yana Anka, lallai malaman dā sai Allah.

A gidanmu in mai sauka ya gama salsala, babbar 'yar gida ce ke rangaɗa guɗa, alamar gida ya shaida, sannan liman ya shafa fatiha. In ba ta yi ba, kowa ya san akwai magana. Na tsuke bakina. Shiru ya yi tsawo, mata suka fara zungurina, Bappa ya yi tarin da ba na mura ba. Na ji an fara ƙus-ƙus a bayan rumfa, inda masu yi wa Saminu sannu da ido suke zaune. Saminu ya juyo yana kallon zana, gumi yana bin sabon gemun, ni kuwa na ji daɗin ganinsa haka.

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa ta jikin zana.

"Habsu, yi guɗa."

"Ba ni yi, Hwada. Ƙarya ta."

"Na sani. Ni da kaina nib bita da shi jiya, don kada harshenai shi sarƙe wurin. Ki yi don Allah, ɗiyar Malam. In ba ki yi ba, banza nib ba da abin ga."

Na kama hanci na rangaɗa guɗar da aka ce har tasha an ji ta. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa, aka ɗora Saminu a kan buzu, maza suka rufe shi da musafaha. Mata suka rungume ni suna cewa ba su taɓa ganin wadda ta yi murnar ƙanenta har da kuka haka ba. Da na samu na ƙwace na leƙa ta zana, Fada ba ya nan. Bencin ma an riga an ɗauke shi an kai wa baƙin Gummi su zauna su ci shinkafa.